KALMAR "HIDE": ƘIRGI KO ƁOYO?

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar Kwastan, ko ta Ma'aikatar Ciniki da ke nan Abuja, wadda ta shafi fatun dabbobi, lalle ya ci karo da kalmomin nan na Ingilishi, watau "hides and skins". Ɗan makaranta kuwa tun yana firamare aka koya masa cewa "hide" ita ce ɓoyewa. To, in ya ga wannan takarda sai ya rasa gane abin da ya haɗa ɓoyo da fatar saniya. Amsar tana da daɗin ji. Ban da haka kuma tana kai mu ga wata magana da ta shafi abincin dubban mutane, daga mahautan Dei-Dei da Karu har zuwa majeman Kano da masu ɗinkin takalma na Aba.

Bari mu fara da kalmomin, sa'an nan mu shiga kasuwa.

Yadda Bature ya rarraba fata

A Ingilishi kalmar "hide" guda biyu ce, ko da ya ke rubutunsu ɗaya, furucinsu ɗaya. Ta farko aikatau ce, ma'anarta a ɓoye abu. Ta biyu suna ce, ma'anarta fatar babbar dabba. Dukansu tsofaffin kalmomi ne, sun fi shekara dubu a bakin mutanen Ingila. Masana asalin kalmomi da yawa suna ganin tushensu ɗaya ne, wata daɗaɗɗiyar kalma mai nufin rufewa. Dalilin kuwa a fili ya ke: fata ita ce ke rufe tsoka da ƙashi. Har yau Jamusawa suna kiran fata "Haut", wadda 'yar'uwa ce ga "hide".

Ita kuwa "skin" baƙuwa ce a Ingila. Mutanen arewacin Turai da a ke kira Bayikin, waɗanda suka mamaye sashen Ingila tun cikin ƙarni na 9, su ne suka zo da ita. Da kalmomin biyu suka zauna wuri ɗaya, sai 'yan kasuwa suka raba masu aiki. Fatar saniya da raƙumi da doki da jaki ita ce "hide". Ta akuya da tunkiya da ɗan maraƙi ita ce "skin". Wadda ta faɗa tsakani, kamar ta maraƙin da ya tasa, suna ce mata "kip". In fata ce da gashinta, musamman ta naman daji, sai su ce "pelt". In an jeme ta kuwa ta tashi daga duk waɗannan sunaye, ta zama "leather".

Wajen ɓoyo ma haka Ingilishi ya tara kalmomi daga wurare dabam dabam. "Conceal" daga Faransanci ta shigo, bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, asalinta kuma Latin ne. Ita ce kalmar alƙalai da lauyoyi, shi ya sa a takardar tuhuma za ka ga an ce mutum ya yi "concealment" na kaya. "Hoard" ita ce ɓoye kayan masarufi don a jira tsada, halin da talakan ƙasar nan ya sani sarai. "Smuggle" kuwa, watau fasa-ƙwauri, daga bakin matuƙan jiragen ruwa na Holan da arewacin Jamus ta fito.

Akwai wata da ta haɗa ɓoyo da fata wuri ɗaya, ita ce "cache". Mafarautan Kanada masu jin Faransanci, waɗanda sana'arsu ita ce tara fatun naman daji, su kan haƙa rami su binne guzuri da fatu har su dawo. Ramin nan shi ne "cache". Yau kuma da wannan kalma a ke kiran wurin da kwamfuta ke ajiye bayanai na ɗan lokaci. Haka nan Amurkawa suna kiran dala "buck", an kuwa fi ɗauka cewa daga fatar barewa sunan ya samo asali, domin da ita a ke ciniki a dazuzzukansu kafin kuɗi su wadata. Mutum mai taurin kai wanda ba ya karɓar sabon abu kuma su kan ce masa "hidebound". Asalin kalmar saniya ce da ta rame har fatarta ta manne wa ƙashi.

Bahaushe ma ba a bar shi a baya ba

Kada mai karatu ya zaci Bature kaɗai ke da wannan yalwa. Abin da ya kira "hide" shi ne ƙirgi a wurinmu, jam'insa ƙiraga, shi ya sa "hides and skins" ta zama fatu da ƙiraga. Muna da buzu, fatar rago da gashinta, wadda malami ke zama a kai. Muna da agalemi, da warki na maharba da manoman dā. In aka koma kan abin da a ke yi da fata, sai a ƙirga salka da guga da taiki da tandu da gafaka da zabira da kube da linzami, har zuwa fatar ganga da kalangu. Mai feɗe dabba mahauci ne, mai gyara fata majemi, mai ɗinka ta baduku.

Kusan duk waɗannan kaya aikinsu rufe wani abu ne. Kube yana rufe kaifin wuƙa, gafaka tana rufe littafi, tandu yana ajiye kwalli, laya kuma takarda ce aka naɗe aka ɗinke cikin fata don kada ido ya gan ta. Ashe ko da harshenmu bai haɗa ɓoyo da fata a kalma ɗaya ba, hannun baduku ya daɗe da haɗa su.

Mu ma muna da namu tagwayen. Fata ta jiki da fata na alheri rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Haka jima ta majemi da jima ta "sai an jima". Saboda haka Baturen da ke koyon Hausa shi ma yana shan irin wahalar da ɗan makarantarmu ke sha da "hide".

Fatar da aka ɓoye wa suna

Ɓoyo na farko a tarihin fatarmu shi ne na suna. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar jemammun fatun awaki daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Sahara da su a kan raƙuma zuwa Arewacin Afirka. Daga tashoshin jiragen ruwa na can a ke kai su Turai. Da ya ke Turawa daga hannun mutanen can suka saya, sai suka haɗa su da na can suka kira su duka fatar Maroko. Masu yi wa littattafai bango a Ingila suna matuƙar son ta saboda laushi da ƙarko. Da yawa daga cikin wannan fata ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda a Jamhuriyar Nijar a ke kira akuyar Maraɗi.

Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin takalma da jemammun fatu da a ke fita da su daga birnin har zuwa Tarabulus. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanya ta juya daga arewa zuwa kudu. Kamfanoni irin su John Holt da Ambrosini, daga baya kuma U.A.C., suka shiga sayen fatu da ƙiraga suna aikawa Ikko. Fata ta bi bayan gyaɗa da auduga cikin manyan kayan da Jihar Arewa ke samun kuɗi da su.

Gwamnatin wancan zamani ba ta yi wasa da abin ba. An sa malamai masu duba fata a kasuwanni da mayankai, suna koya wa mahauta fiɗa da wuƙa mai lanƙwasasshen baki, suna kuma sa a shanya fata a rataye cikin inuwa maimakon a shimfiɗa ta a ƙasa. A 1964 aka kafa wurin koyar da aikin fatu da ƙiraga a Zariya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi ne ya girma ya zama cibiyar nazarin kimiyya da fasahar fata ta ƙasa, wadda a ke kira NILEST, a Samaru.

Aibin da ke kwance cikin ƙirgi

Ɓoyo na biyu shi ne wanda ke cin kuɗin talaka kullum ba tare da ya sani ba. Fata takan ɓoye aibinta. Ƙirgin da aka shimfiɗa a rana tsaka, bayansa ya kan bushe ƙamas ya yi tauri, alhali cikinsa da sauran danshi. Mai saye ya duba ya ga lafiya lau. Sai an jiƙa shi a majema sa'an nan wurin da ya ruɓe ya buɗe, ya zama rami. Haka kuma ƙarcen wuƙa wanda bai huda fata ba, ba a cika ganinsa ba sai an jeme an miƙe ta, nan ne za ta yage. Cizon kaska, da ciwon ƙirci, da ƙunar lalas da makiyayi ya yi wa saniya a tsakiyar cinya, da shaidar bulala, duk suna nan kwance ƙarƙashin gashi. Ranar da aka tuje gashin kuwa, ranar wanka ce, ba a ɓoye cibi.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Da ya ke mai masana'anta ba shi da tabbacin abin da ke cikin tulin fatun da aka kawo masa, sai ya karya farashin duka don ya rufe hasararsa. Mahaucin da ya yi fiɗa a tsanake da wanda ya yi ta gaggawa kuɗinsu ɗaya. To, me zai sa gobe ya sake ɓata lokacinsa?

Maganin ba mai tsada ba ne. A feɗe da hannu da wuƙa marar tsini, a kankare kitse da tsoka, a wanke jini, a zuba gishiri sosai cikin 'yan sa'o'i kaɗan bayan yanka, a ajiye a inuwa. Wannan ya fi muhimmanci lokacin Babbar Salla, sa'ad da a ke yanka raguna bila adadin a rana ɗaya, yawancinsu kuma a gida, a hannun waɗanda ba fiɗa ce sana'arsu ba. Ƙungiyoyin addini, musamman Izala, sun daɗe suna tara fatun layya suna sayarwa don ayyukansu. Duk fatar da ta kwana cikin leda ba gishiri, sadakar da aka yi da ita ta ragu.

Jima iri biyu ce. Majemanmu na gargajiya, irin na unguwar Majema a Kano, suna tuje gashi da ruwan toka, su jiƙa fata cikin ruwan bagaruwa, su shafe ta da mai, su rina ja da karan dafi. Masana'antu irin na Challawa da Sharaɗa da Bompai kuwa sun fi aiki da sinadarin kurom, wanda ke jeme fata cikin kamar kwana ɗaya, ta fito shuɗiya-shuɗiya da danshinta. Ita ce Turawa ke kira "wet blue". Ko wace hanya aka bi, ba mai iya mai da ruɓaɓɓiyar fata ta zama ta kirki.

Ganda: tukunya ko majema?

Ɓoyo na uku ya shafi lafiyar jiki. Ƙirgin saniya a ƙasar nan yana da masu nema biyu, majemi da mai tukunya. Abin da mu ke kira ganda, Yarabawa su ce ponmo, abinci ne da a ke so ƙwarai daga Ikko har Abuja, kuma sau da yawa mai ganda ya fi majemi biya, kuɗi hannu. Saboda haka yawancin ƙiragan shanunmu tukunya su ke shiga. Masana'antun Kano sun fi dogara ga fatun awaki da tumaki, masu ɗinkin takalma na kasuwar Ariaria a Aba kuma su kan nemi fatar saniya daga waje.

Yawan masu son ganda ya jawo marasa tsoron Allah. A 2019 Hukumar NAFDAC, a ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta gargaɗi jama'a cewa a kan shigo da ƙiraga daga ƙasashen waje da sunan za a kai masana'anta, an riga an zuba masu magungunan hana ruɓa, sa'an nan a karkatar da su kasuwa a sayar a matsayin ganda. Nan kam kalmar Bature ta cika ma'anarta biyu: ƙirgi ne, kuma ɓoyo ne. Har ila yau likitoci sun sha yin kuka game da masu babbaka fata da tsofaffin tayoyi da robobi, domin hayaƙinsu yana barin guba a jikin abin da za a ci.

A watan Yuni na 2023 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta ja kunnen mutane game da cin ganda saboda ɓullar cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a arewacin Gana. Cikin watan Yuli na wannan shekara aka tabbatar da cutar a wata gona a yankin Suleja, ƙofar Abuja ke nan. Ƙwayar wannan cuta tana iya zama a jikin busasshiyar fata shekara da shekaru, kuma mahauci da majemi su ne a bakin hatsari kafin mai ci. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, ba a feɗe ta. A kira malamin dabbobi.

A 2022 shugaban NILEST, Farfesa Muhammad Yakubu, ya ba da shawarar a yi dokar hana cin ganda don a ceci masana'antun fata. Maganar ta ta da ƙura ba kaɗan ba. Masu goyon baya suka ce ƙirgin da aka jeme aka ɗinka takalma yana ba mutane da yawa aiki, wanda aka dafa kuwa ya ƙare a kwano ɗaya. Masu suka suka ce ganda ita ce naman wanda ba shi da kuɗin tsoka, kuma mata da yawa da ita su ke ciyar da 'ya'yansu. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, muddin mai tukunya ya fi majemi biya, doka ba za ta hana mahauci sayar masa ba, sai dai cinikin ya koma bayan fage, inda ba mai duba tsabtarsa.

Jaki ya shiga uku

Ɓoyo na huɗu ya faɗa kan dabbar da ba ta ci ba ba ta sha ba. A ƙasar Sin a kan dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da su ke kira ejiyawo, wanda su ke sha a matsayin magani. Da jakunansu suka ragu sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Wata ƙungiyar kare jakuna ta Ingila, Donkey Sanctuary, ta ƙiyasta a 2024 cewa a kan yanka jakuna aƙalla miliyan 5.9 kowace shekara a duniya saboda wannan ciniki.

Nijar da Burkina Faso sun hana fita da jakuna ko fatunsu tun 2016. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna don fatarsu a nahiyar baki ɗaya. A Nijeriya ma ɗanyun fatu da ƙiraga sun daɗe cikin jerin kayan da Kwastan ta hana fita da su. Duk da haka jami'an Kwastan sun sha kama fatun jakuna, an cusa cikin buhuna ko an rubuta masu sunan wani kaya dabam a takarda.

Wanda ke zaune a Maitama ba lalle ya ji zafin wannan ba. Amma a ƙauyen Jigawa ko Katsina jaki shi ne mai ɗebo ruwa, mai kai taki gona, mai ɗauko amfani zuwa kasuwa. In tsadarsa ta fi ƙarfin manomi, ko ɓarayi suka kwance shi da dare, kayan da ya ke ɗauka kan mace da yaro su ke komawa.

Abin da ya rage wa Abuja

Abuja ba garin majema ba ne. Amma tun da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko ranar 12 ga Disamba, 1991, nan ne a ke rubuta dokokin da ke iya raya majema ko su kashe ta. A 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin aiwatar da manufar ƙasa kan fata da kayan fata. A 2024 kuma aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi mai zaman kanta. Takardu dai an rubuta su. Abin da mahauci da majemi ke jira shi ne su ga alamarsu a mayanka.

Ga abubuwa huɗu da ba su fi ƙarfin hukuma ba. Na ɗaya, a dawo da malaman duba fata a manyan mayankai, a fara da na Babban Birnin Tarayya, a riƙa rarraba fata lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, kowace da farashinta, domin mai kyakkyawar fiɗa ya ga ladan hannunsa. Na biyu, a tanadi gishiri da rumfunan inuwa a unguwanni kafin Babbar Salla, a kuma yi ta shela a rediyo. Na uku, duk ƙirgin da aka shigo da shi don masana'anta a bi sawunsa daga tashar jirgin ruwa har ƙofar masana'antar, a kuma keɓe wa masu ganda wuri mai tsabta da ruwa da makamashin babbaka wanda ba taya ba. Na huɗu, a riƙa bayyana wa jama'a sunayen waɗanda kotu ta samu da laifin fasa-ƙwaurin fatun jakuna da hukuncin da aka yi masu.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan 'yan boko. Yawancin waɗanda ke taɓa fata da hannunsu, makiyayi da mahauci da dillali da majemi da baduku, da Hausa ko Fulatanci su ke ciniki. Dokokin da suka shafe su kuwa da Ingilishi a ke rubuta su, su zauna cikin fayil a Sakateriya. Wannan ma wani irin ɓoyo ne, ko da ba da gangan aka yi shi ba. A fassara su, a karanta a rediyo, a manna a ƙofar kowace mayanka, yadda Sarkin Fawa zai iya tara mutanensa ya ce ga abin da hukuma ta ce, ga kuma abin da za mu samu in mun bi.

Kakanninmu sun jeme fatar da ta ƙetare Sahara aka sayar da ita da sunan wata ƙasa. Jar akuyar tana nan, bagaruwa tana nan, masu sana'ar ma ba su ƙare ba. Fatanmu shi ne a kula da fatarmu tun daga wuƙar mahauci, a kuma sayar da ita da sunan Nijeriya. Allah ya sa masu iko su ji.